Kifin akwati: abin da busasshen sulke ya faɗa wa masanan dā, da abin da ya ɓoye musu

A shekarar 1734 wani matashi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Peter Artedi ya sauka Landan da burin rubuta littafin da zai jera kifayen duniya cikin tsari ɗaya. Ya je gidan Hans Sloane, likitan nan mai hali wanda tarin kayansa ne daga baya ya zama harsashin babban gidan tarihi na Birtaniya, ya duba abin da ke ajiye a can. Daga nan sai ya shiga bin mashayun birnin, irin su Nag's Head da White Bear da Green Dragon ta unguwar Stepney. Abin da ke rataye a bango ne ya kai shi. Masu mashaya kan karɓi busassun halittun teku daga hannun ma'aikatan jiragen ruwa su ƙawata ɗaki da su, kuma a cikinsu akwai wani kifi mai tauri kamar ƙoƙo: wani mai kusurwa uku, wani mai huɗu, wani da ƙaho biyu a goshi kamar ɗan maraƙi. Artedi ya duba, ya ƙirga, ya rubuta bayaninsu da Latin, har da sunan wurin da ya gan su.

A watan Satumba na 1735, yana komawa masaukinsa da dare a Amsterdam, ya faɗa cikin ɗaya daga magudanan ruwan birnin ya nutse. Shekararsa 30. Abokinsa Carl Linnaeus ne ya ceto takardunsa ya buga su a 1738, kuma a kan wannan aiki aka ɗora ilimin rarrabe kifaye na zamani. Ke nan kifin da muke magana a kansa ya shiga littattafan kimiyya ne a matsayin gawar da ta bushe a bango. Kusan duk abin da masanan dā suka dace da shi game da shi, da duk inda suka yi tuntuɓe, daga nan ya samo asali.

Al'ummomin da suka san shi bakinsu ya zo ɗaya wajen suna. Larabawa na ce masa kifin sanduƙi. Faransawa da Jamusawa da mutanen Sifen duk da akwati suke kiransa. Mutanen Hawai na cewa pahu, kalmar da ke nufin akwati ko ganga. Japanawa kuwa hakofugu suke cewa, wanda in an juya shi zuwa Hausa zai zama "talibambam na akwati", kuma sun yi gaskiya, don 'yan babban gida ɗaya ne da talibambam ɗin da masuntanmu ke kamawa a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi. Shi talibambam in ya ji tsoro sai ya kumbura ya fi ƙarfin bakin mai son haɗiye shi. Ɗan'uwansa na teku ya bi wata hanya, ya shige cikin sulke ya rufe. Irinsa wajen 25 ne, dukansu na ruwan gishiri mai ɗumi, galibi a kewayen duwatsun murjani da filayen ciyawar teku, kuma mafi girmansu bai cika wuce rabin mita ba. Mafi kusa da mu su ne na gaɓar tekun Gini, waɗanda likitan sojan Holan Pieter Bleeker ya sa wa ɗayansu suna guineensis a 1865, sai na Bahar Maliya da ke yawo a ruwan Jidda da Fot Sudan.

Ka ɗauki busasshensa a hannu, ba nauyi, kamar ƙwaryar da ta daɗe a rana. Ka ƙwanƙwasa da farce ya amsa maka ƙwas-ƙwas. In ka matso da ido za ka ga jikin ba sumul yake ba, faranta ne ƙanana na ƙashi, galibinsu masu gefe shida, an jera su baki da baki kamar saƙar zuma. Su ne ɓawon da sauran kifaye ke da shi, sai dai a nan sun yi kauri sun manne da juna tun daga goshi har gindin wutsiya. Ƙofofi kaɗan aka bari: ta baki, ta idanu, 'yar tsaga a kowane gefe inda ruwan numfashi ke fita, wuraren da fikafikai ke leƙowa, mafitar kashi, sai ta baya inda wutsiya ta ratso. Waɗannan sassa masu taushi su ne ke lalacewa in kifin ya bushe. Leɓɓa su ja da baya haƙora su fito, idanu su zama ramuka, fikafikai su karye, wutsiya ta motse kamar busasshiyar kuɓewa. Akwatin kuwa yana nan daram, ko kusurwa ɗaya ba ta goce ba.

A zamanin jiragen iska wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kifin da aka kama a tsibiran gabas ko a Karebiyan ba ya isa Turai sai bayan wata da watanni. Ko dai a tsoma shi cikin kwalbar barasa, wadda ke da tsada kuma take wanke launi, ko a feɗe fatar a shanya ta ƙanƙance ta zama wani abu dabam. Kifin akwati ba ya bukatar ko ɗaya. A ƙwaƙule kayan cikin, a bar shi a rana, a jefa a jakar matafiyi, ya iso yadda yake. Shi ya sa ya riga dubban kifayen da suka fi shi yawa da amfani shiga littafi. Carolus Clusius ya kawo hoton "kifi mai kusurwa uku" a littafinsa na baƙin halittu a 1605. Littafin kifaye na Ulisse Aldrovandi ɗan Italiya, da aka buga a 1613 bayan rasuwarsa, yana da su. Georg Marcgrave ya rubuta na Burazil da sunan da 'yan ƙasar ke kiransa, aka buga a 1648. A Amsterdam akwai Albertus Seba, mai haɗa magunguna, wanda jirgi na tsayawa zai je ya sayar wa ma'aikatan magani ya saye abubuwan mamakin da suka zo da su. Aikin tantance kifayen wannan mutumin Artedi yake yi lokacin da ajali ya same shi.

A babban littafin kifaye na Francis Willughby da John Ray na 1686, Martin Lister ya ƙara bayanin irinsu da dama, da sunaye masu tsawo irin na lokacin, kamar "kifi mai kusurwa uku wanda ba shi da ƙaho ko ɗaya". Wannan littafi, a gefe guda, shi ne wanda ƙungiyar masana ta Landan ta zuba kuɗinta a kansa saboda tsadar zane-zanensa, bai kuma sayu ba, har ta kasa ɗaukar nauyin buga babban littafin Isaac Newton. Sai ma'aikacinta Edmond Halley ne ya biya daga aljihunsa a 1687, shi ma ƙungiyar ta nemi ta biya shi albashinsa da kwafen littafin kifin da suka yi kwantai.

Da Linnaeus ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae a 1758, wanda daga shi ake fara lissafin sunayen dabbobi na kimiyya, ya sa kifin akwati ƙarƙashin sunan Ostracion, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓawo mai tauri ko tsingaro, ya kuma jera iri 9. Ka duba sunayen da kyau: triqueter da trigonus, masu kusurwa uku, tricornis da quadricornis, mai ƙaho uku da mai huɗu, cornutus, mai ƙaho, bicaudalis, mai tsini biyu wajen wutsiya, gibbosus, mai doro, tuberculatus, mai ƙulle-ƙulle, cubicus, mai siffar ɗan lido. Babu suna ɗaya da ya ambaci launi, ko abinci, ko mazauni, ko hali. Duk abin da mutum zai iya ƙirgawa da yatsa a jikin busasshen akwati ne.

A nan dole a ba su haƙƙinsu. Cikin sunaye 9 ɗin nan, 7 na aiki har gobe a matsayin iri masu zaman kansu. George Brown Goode, masanin kifi ɗan Amurka da ya yi nazari na musamman a kan wannan dangi a 1880, ya lura cewa da wuya a sami wani rukunin kifayen ƙasashe masu zafi da magabata suka tantance da kyau kamar wannan, kuma masu neman tsattsaga irin da suka bari ba su yi nasarar kirki ba. Ya ɗan zarce, domin an tabbatar da wasu irin na tekun Atilantika da magabatan ba su ware ba, amma jigon maganarsa gaskiya ne. Abin da bai lalace a hanya ba, sun karanta shi daidai.

Matsalar tana wajen abin da ya lalace. Na farko shi ne adireshi. Busasshen kifi ya bi hannu biyar kafin ya isa kwabar mai tarawa, kowa ya manta inda aka kama shi. Linnaeus ya rubuta cewa triqueter a Indiya yake zaune, alhali kifin yammacin Atilantika ne, na Karebiyan da Bamuda da Burazil. Turawan lokacin da sunan Indiya suke kiran tsibiran gabas da na yamma duka, to ka ga ruɗanin ba shi da wuyar shiga.

Na biyu launi. Ɗan cubicus yana ƙarami rawaya ne shar, da ɗige-ɗigen baƙi, ɗan dunƙule abin sha'awa. Yana girma jikin ya yi tsawo, rawayar ta dusashe ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ko shuɗi-shuɗi, wani tudu ya taso a saman baki. Mai riƙe da busassu biyu, ƙarami da babba, ba shi da hanyar sanin ɗa da uba ne. Haka aka yi tuberculatus na Linnaeus ya tashi a matsayin cubicus ɗin dai, an raɗa masa suna sau biyu a littafi guda. Wani irin, meleagris, ya fi wannan ruɗa mutane: macen baƙa ce mai fararen ɗigo ko'ina, namijin kuma gefensa shuɗi ne mai ɗigon ruwan lemo. An daɗe ana lissafa su iri biyu da sunaye dabam-dabam, sai a 1940 Alec Fraser-Brunner ya nuna miji da mata ne.

Abin dariyar shi ne lokacin da launin ya iso Turai, ta bakin da ba a yarda da shi ya iso. A 1719 Louis Renard, mai buga littattafai a Amsterdam wanda bai taɓa taka gabas ba, ya fitar da littafin kifayen tsibiran da a yau ke cikin Indonesiya, da zane-zanen da aka yi wa launi da hannu. Da yawansu aikin Samuel Fallours ne, tsohon soja da ya zauna a tsibirin Ambon. Fallours ya ga kifayen da ransu, akwai kifayen akwati a cikin zanensa, amma ya san abin da masu saye ke so, sai ya riƙa ƙara gishiri: rana da taurari a jikin kifi, fuskar mutum a bayan ƙaguwa, har da 'yar ruwa da aka ce an ajiye ta cikin baho ta yi kwana 4 da awa 7. Wanda ya zana maka 'yar ruwa, in ya ce maka akwai kifi mai siffar akwati rawaya da ɗigon baƙi, ai ba za ka yi saurin gaskata shi ba. Binciken da Theodore Pietsch ya yi a kan littafin ya nuna kusan kashi 9 cikin 10 na halittun ana iya gane su, na gaske ne.

Kuskuren da ya fi girma kuwa na cikin ciki ne, wanda dama shi ake fara zubarwa kafin a shanya. Linnaeus yana da wani aji da ya kira Amphibia, inda ya tara kwaɗi da ƙadangaru da macizai da kunkuru, ya kuma buɗe masa wani reshe na "masu iyo" da yake zaton suna da huhu. Ya nemi Alexander Garden, likita ɗan Sukotlan da ke zaune a Charleston ta Amurka, ya feɗe masa wasu kifaye ya duba. Garden ya feɗe kifin nan mai ƙayoyi kamar bushiya, ɗan'uwan talibambam, ya aiko da labarin cewa ya ga huhu. Da wannan shaida, a bugu na 12 na 1766, Linnaeus ya kwashe kifin akwati da talibambam da sauran danginsu daga cikin kifaye ya kai su gidan su kwaɗo. Ni a ganina siffar ma ta taimaka wajen ruɗin. Dabba mai sulke, mai ɗan baki, wadda ba a ganin murfin mashaƙarta a fili kamar na sauran kifaye, ta fi kama da kunkuru a idon wanda bai taɓa ganinta a ruwa ba. Amma kama da wane ba ta wane. Johann Gmelin ya mayar da su cikin kifaye a bugun da ya shirya bayan rasuwar Linnaeus, sannan Georges Cuvier ɗan Faransa, wanda aikinsa ke nan feɗe dabbobi, ya kafa musu rukuninsu a 1817 bisa yadda ƙasusuwan muƙamuƙinsu na sama suka manne. Cuvier ya ma yi hasashen abin da ya yaudari masu ganin huhu: ƙodar waɗannan kifaye tana can sama sosai, inda mai feɗewa zai zaci huhu ne.

Ba duka ne suka zauna a ɗaki ba. Peter Forsskål, ɗalibin Linnaeus, ya bi ayarin binciken da sarkin Denmak ya tura ƙasar Larabawa a 1761, ya riƙa karɓar kifi daga masuntan Bahar Maliya yana rubuta sunayensu na Larabci. Zazzaɓi ya kashe shi a Yarim ta ƙasar Yaman a 1763, kuma cikin mutum 6 da suka fita Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida, shi ya buga rubutunsa a 1775. Ko shi Forsskål, kifin akwatin da ya raɗa wa turritus, mai hasumiya, daga baya an gane gibbosus ne, mai doron nan da malaminsa ya riga ya sa wa suna.

Maganar ci kuwa tsofaffin littattafan sun san ta, don matafiya ba sa manta abin da ya yi musu daɗi. Patrick Browne, likitan da ya rubuta tarihin halittun Jamaika a 1756, ya yabi namansa in an cusa masa kayan haɗi an gasa. Sulken nasa shi ne tukunyar. Har yanzu a tsibiran Goto na Japan haka ake yi, a buɗe cikin, a kwaɓa naman da daddawarsu ta waken suya, a mayar a ɗora a wuta. A Fotoriko kuma ana cusa naman cikin soyayyen fulawa. Yabon ya kai kunnen masanin halittu Lacépède a Faransa, wanda a ƙarshen ƙarni na 18 ya kawo shawarar a gwada sabar da kifin da ruwan ƙasashe masu sanyi don a riƙa samunsa a kusa. Shawara ce ta wanda bai taɓa ganin inda kifin ke kwana ba.

Abin da babu yadda za a yi busasshen akwati ya nuna shi ne dafi. In aka takura wa kifin akwati, fatarsa na fitar da wani majina mai kumfa kamar sabulu, wanda ke bin ruwa ya kashe kifayen da ke kusa, kwatankwacin abin da magimfa ke yi in an zuba ta a gulbi. A buɗaɗɗen teku dafin na watsewa, mai farauta ya ji ba daɗi ya kauce. A cikin tankin gilashi kuwa babu wurin gudu, yakan hallaka duk abin da ke ciki, wani lokaci har da mai dafin. Donald Thomson ne ya bayyana shi a kimiyyance a Hawai a 1964, sannan a 1967 David Boylan da Paul Scheuer suka ware sinadarin suka sa masa suna pahutoxin, daga pahu ɗin nan na mutanen tsibirin. Tsakanin Clusius da wannan binciken shekara 360 ne da 'yan kai.

Saura tafiya. Wanda ya riƙe akwatin a hannu zai rantse wannan halitta ba ta iya iyo, tunda sauran kifaye da lanƙwasa jiki suke tafiya, shi kuwa ba inda zai lanƙwasa. An daɗe ana kwatanta shi da nawa da rashin kuzari. Goode, wanda ya yi aiki a Bamuda ya kuma kalle su da ransu, ya ba da wani bayani dabam: fiffiken baya da na ƙasa su ke tura shi, suna kaɗawa kamar farfelar jirgi, wutsiya tana aikin juya akala, ba a sa ta gudu sai an matsu. Duk da haka a 1926, da Charles Breder ya rarraba salon iyon kifaye, sai ya ɗauki sunan Ostracion ya raɗa wa salon da jiki ke sandarewa wutsiya kaɗai ke kaɗawa. Sunan ya zauna a littattafan makaranta, alhali mai sunan ba haka yake tafiya ba a yawancin lokaci. Da aka ɗauki hotonsu da kyamara mai sauri a wani bincike da aka buga a 2001, an ga suna haɗa fikafikan ƙirji da na baya da na ƙasa cikin tsari mai sauyawa da sauri, suna iya tafiyar da ta ninka tsawon jikinsu sau 6 a daƙiƙa guda, wani binciken kuma ya nuna suna juyawa a wuri ɗaya kusan ba tare da sun gusa ba.

Gani ya kori ji. Ka kalli triqueter yana kiwo a kan rairayi: zai tsaya cak a ruwa, ya sunkuyar da kai wutsiya a sama, ya tsuke baki ya feso ruwa kamar mai hura wuta. Rairayi ya tashi, tsutsa ko ɗan ƙaguwa ya bayyana, ya tsince. Ya ɗan ja da baya, ya karkata, ya sake hurawa a gefe. Dabbar da ke rayuwa a lungunan murjani juyi take bukata fiye da gudu.

Kada mu yi wa mutanen dā dariya da yawa, don zamaninmu ma ya taka sawunsu. A farkon shekarun 2000 an gwada sassaƙen sulken kifin a ramin gwajin ruwa, aka ba da rahoton cewa kusurwoyinsa na haifar da wasu 'yan guguwoyi masu daidaita shi da kansu. A 2005 kamfanin Mercedes-Benz ya nuna motar gwaji mai suna Bionic da aka zana bisa siffar cubicus, aka yi ta yayata cewa kifin akwati gwanin ratsa ruwa ne. A 2015 Sam Van Wassenbergh na jami'ar Antwerp da abokan aikinsa suka sake awon, suka sami akasin haka: akwatin ya fi jikin kifayen da aka saba gani jan ruwa, kuma maimakon ya daidaita kifin, ƙara karkatar da shi yake yi duk inda ya fara karkata, wanda shi ne sirrin saurin juyinsa. Su duka, na farko da na biyu, akwati suka auna ba fikafikai, abin da Artedi ya gani a bangon Nag's Head, sai dai wannan karon na roba ne. A 2020 wasu masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan suka maƙala wa sassaƙen wutsiya suka mayar da shi ruwa. In wutsiyar na tsuke, akwatin sai ya yi ta neman juyawa. In an baza ta kamar mafici, ya miƙe ya tafi sak.